Maganin Tsami

A ko'ina cikin ƙasar Katsina, gurji abin ci ne na tsaye. Ka tsinko shi a gefen gona, ka goge a jikin riga, ka gartsa, shi ke nan an gama da shi. A Rafin Ɗinya ne kaɗai, wani ƙauye tsakanin Maska da Danja, gurji ya yi darajar da fatake ke karkato jakunansu dominsa. Ba don kowa ba kuwa sai don Hajo matar Rabe.

Zamanin ayarin Gwanja ne, lokacin da mutum kan bar gida bayan kaka ya tafi neman goro, ba a sake sa shi a ido sai an ci wata kakar, in ma an gan shi. Hajo tsima gurji take yi, sana'ar da ta gada wurin uwarta. Takan tsinke shi tun yana ƙarami, bai wuce babban yatsa ba, kafin 'ya'yan cikinsa su yi ƙwari. Ta wanke, ta baza a inuwa ya sha iska, ta jera shi cikin randa da gishiri da tafarnuwa da citta da ɗan barkono, ta kwarara ruwan tsamiya har ya rufe shi. Sai ta danne da ɗan dutsen niƙa kada ko ɗaya ya taso, ta kife kasko a baki, ta liƙe da laka, a binne randar har wuya cikin yashi mai sanyi. Wannan duk mai ido zai iya in ya kalla. Abin da babu a gidan kowa shi ne uwar tsimi, wata tsohuwar baƙar randa wadda ruwan cikinta bai taɓa ƙarewa ba tun zamanin kakar Hajo. Kowace sabuwar randa sai an zuba mata ludayi guda daga cikinta, in tsimi ya nuna kuma a mayar mata da ludayinta. Da wannan randar aka kai Hajo ɗakin miji, kuma ta fi son ta da duk ƙoren da aka jera mata.

Fatake sun san abin da suke nema. Wanda ya yi watanni yana cin gumba da ƙanzo da busasshen nama, bakinsa kan mutu, dasashinsa ya riƙa jini, jijiyoyin ƙafa su riƙa ɗaurewa. Su dai sun ce in ka tauna gurjin Hajo ka kurɓi ruwansa, sai jikinka ya dawo naka. A cikin goruna take ɗura musu, ta toshe da kakin zuma, ya kai su har ƙetaren Kwara bai canza ba. A gari kuma, mai ciki da mai jego da wanda masassara ta saki bakinsa ba ɗanɗano, duk ƙofarta ake aikowa. Ana yanka shi cikin kwaɗon zogale, ana zuba shi kan dambu, akwai ma tsohon da ba ya haɗiye tuwon dawa sai da shi a gefen akushi. Saboda gurjin nan ne Madugu Abdussamad ya mai da Rafin Ɗinya zangonsa, kuma in ayarinsa ya sauka, mai fura da mai harawa da mai kaji kowa sai ya ji a jikinsa.

Lambun da gurjin ke fitowa yana bakin fadama. Rabe ne ya sare kurmin da hannunsa, shi da Hajo suka haƙa rijiyar. Farkon damina ciwon ciki ya kayar da Rabe, bai daɗe a kwance ba ya rasu. Ɗiyarsu ɗaya ce, tana aure a Musawa, ta zo ta yi kukanta ta koma. Hajo ta shiga takaba, kuma ba a gama karɓar gaisuwa ba Maiwada ya sa ƙafa a lambu.

Maiwada ƙanin Rabe ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ni dai ban san inda aka samo halinsa ba. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, wanda bai taɓa yin mugunta fuska a ɗaure ba. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kowa ya sani. Ya kira ta matarsa, ta kira shi mijin banza, su tsokani juna a gaban jama'a, ba mai cewa uffan, ba kuma mai kai ƙara. Mutanen kirki da wannan wasan suke ƙara zumunci. Maiwada da shi yake yanka.

Wata rana da hantsi ya shigo gidan da barorinsa. Hajo na zaune bakin ɗakinta lulluɓe da mayafi.

"Matar Yaya, na zo in rage maki nauyi," in ji shi. "Mai takaba ina ita ina lambu? Randunan nan ma gidana zan kai su, kada kewa ta kama su."

Barorin suka yi ta fita da su, har aka kai ga baƙar randar. Ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya toshe hanci.

"Wannan kuma wane mushe ne a ciki? Ku tuntsurar da shi, a kai wa iyalina Inno ta wanke."

"Maiwada," ta ce, ranar ba ta ce mijin banza ba. "Ɗauki duka, ka bar mani wannan. Ba ta Rabe ba ce. Ta uwata ce."

"Ashe!" Ya juya ga barorinsa yana dariya. "Kun ji gado. Wasu a bar masu shanu, wasu a bar masu ruwan tsami. Haba matata, in na aure ki ai sai in saya maki sabuwa."

Aka tuntsurar. Ruwan ya bi tsakar gida ya ratsa ƙarƙashin zana, kaji suka taru suna tsattsagar tafarnuwar da ta fito. Hajo ta zuba ido har ƙasa ta shanye shi. Mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta kuwa ɗaga ba. Amma daga ranar ta tsane shi, irin tsanar da ba ta hana gaisuwa, wadda ake kwana da ita a tashi da ita.

Tana fita takaba ta wuce wurin Ummaru mai gari. Dattijo ne da ba ya son rigima, sai dai ya fi ƙin asara. Ya sa aka kira Maiwada, ya saurare su duka biyu.

"Gona ta mai noma ce, Hajo, kuma ƙanin miji shi ya fi kowa kusa," in ji shi. "Ni abin da ya dame ni ayari. In Madugu ya daina sauka garin nan, masu fura da masu harawa ni za su zo wa da kuka. Maiwada, ka ce za ka iya?"

"Ranka ya daɗe, mene ne a ciki? Gurji ne da tsamiya."

"To, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ranar da ayari ya sauka a buɗe randunanka gaban kowa. In Madugu ya karɓa, lambu naka ne, kada in sake jin maganar. In ya ƙi, ka mayar mata da lambu da randuna."

Hajo ta koma gida da sanyi a ranta. Babu uwar tsimi, babu tsimi, wannan ta sani kamar sunanta. Ta ɗauka ba abin da ya rage mata sai jira.

Sai dai ta manta da Inno, matar Maiwada. Inno 'yar Danja ce, ƙaramar mace mai sanyin murya. Shekara da shekaru ita ke taya Hajo wankin gurji, suna yi suna hirar da ba sa yi da kowa, kuma duk tsawon takabar nan ita ke kawo mata tuwo a ɓoye. Wata rana bayan an kwashe gurjin lambu, Inno ta shigo ta zauna gefen tabarma tana murza gefen zanenta.

"Yaya, zan gaya maki wani abu, don Allah kada ki yi fushi. Randar nan da aka kawo mani in wanke, ban wanke ba. Akwai sauran ruwa a gindinta, bai fi ludayi ba. Na juye a gora, ina ba shi tsamiya da gishiri yadda na ga kina yi. Ya rayu, Yaya."

Hajo ta kama hannunta da ƙarfi. "Yana ina?"

"Da ya matsa mani in tsima mashi, sai na raba shi cikin randunan. Ban san yadda zan yi ba in ba da shi ba, kin san halinshi in abu ya lalace. Amma in ya nuna zan ɗebo maki, ki sake kafa taki. Lambu ai ƙasa ce, Yaya. Ko bayan ɗakinki kika shuka, gurji zai fito."

Hajo ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, ta raka ta bakin zaure. Tana dawowa ta zauna daɓas. Farin cikin bai kai ko'ina ba baƙin ciki ya danne shi. Inno ta iya, hannunta mai tsabta ne, ga kuma uwar tsimi a ciki. Tsimin zai yi kyau, Madugu zai karɓa. Ruwan da Maiwada ya kira mushe ya zubar a gabanta, shi ne zai ci masa lambun Rabe, ita kuma a sam mata ludayi guda ta je bayan ɗaki ta yi shuka. Ta ji da ta ga wannan ranar gara ta bi mijinta.

Maiwada da kansa ya kawo mata wuƙar. Ba shi da haƙuri, tun tsimi bai nuna ba ya fasa lakar randa ɗaya ya ɗanɗana, tsami ya kama masa muƙamuƙi. Inno ta ce masa haka yake a tsakiya, zai kwanta da kansa. Bai yarda ba, girman kai kuma ba zai bar shi ya yi tambaya kai tsaye ba. Sai ya zubo kaɗan a ƙoƙo ya nufi gindin ɗinyar da mata ke sussuka da la'asar, inda ya san zai sami Hajo.

"Matar Yaya, ɗanɗana ki ji yadda maza ke tsimi."

Ta ɗauki ɗaya ta gartsa. Ya yi ƙaras a baki, gishiri daidai, citta daidai, can ƙasa kuma ga ɗanɗanon nan da ta sani tun tana goye. Saura kaɗan hawaye ya tona mata asiri. Sai ta yatsine fuska, ta tofar a ƙasa.

"Wannan za ka ba Madugu? Ai haƙoranshi za su mutu tun bai bar ƙasar Zazzau ba."

Matan suka kwashe da dariya. Maiwada ya taya su, amma dariyarsa ba ta kai ciki ba.

"Inno ta ce zai kwanta."

"To in Inno ta ce ai shi ke nan. Ita ce mai gidan."

"Ke dai faɗi gaskiya, matata. Me kike sa mashi wanda kike ɓoyewa?"

"Mijin banza! Kai da aka raina da miyar yakuwa, ni za ka tambaya maganin tsami? Je ka tambayi ɗiyar da ba ta iya ɗaura zane ba."

"Kanwa mana!" wata daga cikin matan ta faɗa, tana share hawayen dariya.

"Ni dai ban ce ba," in ji Hajo, ta ɗauki taɓaryarta.

Ai kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da murhu a ƙasar nan ya san haka. Yakuwa ta yi tsami, a jefa kanwa, ta yi kumfa ta kwanta. Kunu ya yi tsami, kanwa. Maiwada ya tafi yana jin ya kama sirrin da mata biyu suka haɗa baki suka ɓoye masa.

Rana ba ta faɗi ba Inno ta faɗo gidan Hajo a guje, ko mayafi babu. Ta same ta tana kaɗi.

"Yaya, taso! Ya jiƙa kanwa cike da ƙwarya, yana fasa randunan ɗaya bayan ɗaya. Na ce mashi tsamin nan shi ke tsare gurjin, in ya kashe shi ruɓewa zai yi. Ya ce baƙin ciki nike mashi, bakina da naki ɗaya. Ke kaɗai zai ji. Ki ce mashi wasa kike, wallahi zai fasa."

Hajo ta murza mazari a cinya, ta ja zare.

"Yaya, uwar tsimin na ciki fa. Duka tana ciki, ban rage ko ɗigo ba."

Zaren ya tsinke. Hajo ta lashi yatsa, ta haɗa shi, ta sake murzawa. Ta san abin da ake ce mata, ta kuma san abin da take sayarwa. Zuciyarta na ciwo, amma ƙiyayyar ta fi ciwon ƙarfi.

"Randunanshi ne, Inno," ta ce. "Mai gari ya ba shi."

Inno ta juya ta fita. A can gida Maiwada na zuba kanwa, randuna na kumfa, yana ɗanɗanawa yana gyaɗa kai, don kuwa tsamin ya kwanta lumus. Ya liƙe su da laka da hannunsa, ya hana kowa zuwa kusa.

Bayan an kai amfanin gona gida ayari ya sauka. Jakuna suka cika fili, hayaƙi ya tashi ko'ina, masu fura na kai da kawowa. Washegari da hantsi aka shimfiɗa wa mai gari da Madugu Abdussamad buzu a ƙofar gidan Maiwada, aka tono randunan aka jera. Gari duka ya zo, don an san abin da aka ƙulla. Maiwada ya sha sabuwar riga mai shuni, yana ta zolayar mutane. Hajo na can baya cikin mata, ta ci ado kamar ranar salla.

Ya daki lakar randar farko, ya ɗaga kasko. Warin ne ya fara isa wurin jama'a. Na gaba suka ja da baya suna tofar da yawu, Madugu ya ja bakin rawani ya rufe hanci. Maiwada ya tura ludayi ya ɗebo, babu gurji ko ɗaya, sai wani baƙin yauƙi da ke zuba tsirit tsirit. Ya fasa ta biyu, ya fasa ta uku, ya bi su duka har baƙar randar. Kowace ta fi 'yar'uwarta ɗoyi, ƙudaje kuwa kamar an yi musu shela.

"Wannan ne guzurin da za a ba mutanena?" Madugu ya tambayi mai gari, bai ko dubi Maiwada ba.

"Ita ce!" Maiwada ya nuna cikin mata, shuni da gumi na bin wuyansa. "Ranka ya daɗe, Hajo ce ta ce in sa kanwa!"

Aka buɗa mata hanya. Ta zo ta durƙusa a natse.

"Ni, ranka ya daɗe? Ga matan nan da ke wurin, a tambaye su ko kalmar ta fito bakina. Wasa na yi da mijina, kamar yadda ya saba yi da ni. Ko an hana matar wa wasa da ƙanin miji ne ban ji ba?"

Wani ya fara dariya, sai fili ya ɗauka. Har Madugu sai da kafaɗarsa ta motsa. Wa zai kai ƙarar wasa? Maiwada ya fi kowa sanin ba a kaiwa, da shi ya ci mutuncin mutane da yawa a garin nan. Ya tsaya, ludayi na ɗiga a kan sabuwar rigarsa.

"Magana ta ƙare," in ji mai gari. "Lambu da randuna su koma hannun Hajo."

"Sannu da aiki, mijina," Hajo ta ce tana miƙewa. "Ka wanke mani su da kyau, ka kife su a rana. Da hannunka, don barori ba su iya ba."

Da a nan abin ya tsaya, da na ce Allah ya ƙara. Amma mutum irin Maiwada in ya faɗi sai ya nemi wanda zai faɗa a kai. Ya waiga ya hango Inno a bakin zaure.

"Ke kika tsima! Ke da ita kuka haɗa baki kuka kunyata ni. Tattara naki ya naki ki bar mani gida, na sake ki!"

Dattawa suka yi ta ba shi baki, ya ƙi ji, ya maimaita. Madugu ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce bana dai mutanensa za su tafi haka, baɗi zai leƙo ya gani.

Washegari da sassafe Hajo ta sauka lambu. Ciyawa ta ci rabinsa, bakin rijiya ya zube, amma nata ne. Tana tsaye tana duban aikin da ke gabanta ta hango Inno a kan turbar da ta nufi Danja, da ƙunshin kaya a ka. Inno ta tsaya a bakin shinge, ba ta sauke kayan ba.

"Inno, zo ki zauna wurina," in ji Hajo. "Ɗakin Rabe ba kowa. Mu yi aikin nan tare, rabi naki."

"Abu ɗaya zan tambaye ki, Yaya. Ranar da na zo ina roƙonki, kin san ni zai ɗora wa?"

Ƙarya ɗaya za ta wadatar, kuma Inno mai son yarda ce. Hajo ta dubi fuskarta, ta kasa.

"Na sani," ta ce.

Inno ta gyaɗa kai, ta gyara gammonta, ta kama hanya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma waiwayo ba. Hajo ta bi ta da ido har dawa ta rufe ta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi Hajo ta ji a lambun nan, daɗin da ta daɗe tana jira, kuma da za a mayar da ita baya da ta sake yi. Ta sunkuya ta fara cire ciyawa. Can ta tuno yadda ludayi ke ɗiga a rigar Maiwada, dariya ta taso mata, ta ɗago kai don ta faɗa wa wani, sai ta ga ita kaɗai ce a fadamar.